Hancin Mutanen Kogo, Warin Bunsuru, Da Turaren Da Aka Sayar Wa Abokina

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta barinsu su saurara, da waɗanda suka fi son su karanta a nutse. Na ɗan gyara wasu wurare don ya karantu, amma maganar ita ce dai wadda na yi.

Yau kimiyya za mu taɓa, kuma wani abokina ne ya jawo mana. Ya ba ni izinin ba da labarin, da sharaɗin kada in kama sunansa.

Makonni uku da suka wuce ya shigo ɗakina yana murmushi, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba. Naira 18,000 ya tura wa wani mai talla a intanet, aka aiko masa da ita. Mutumin da shekara biyu ke nan da gama hidimar ƙasa yana neman aiki, kun san nauyin wannan kuɗin a wajensa. Tallan ya ce turaren yana ɗauke da "feromon", wai sinadarin da maza ke jan hankalin mata da shi tun zamanin mutanen kogo, mace in ta shaƙa ba ta da yadda za ta yi. A jikin kwalbar an rubuta sunan sinadarin da ƙananan baƙaƙe: androstenon. Ku riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

Ya shafa, ya tafi zance wajen yarinyar da ta shekara tana ja masa aji. Ta fito, suka gaisa, ta ɗan yi shiru, sai ta ja kujerarta baya ta ce, "Yaya, yau daga ina kake?" Ba a yi minti goma ba ta ce Umma na kiranta. Bunsuru ya je barbara ya dawo da ciki.

Mun yi dariya har da hawaye. Amma da na kwanta abin ya tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ba ne. Ana sayar wa samari, ana sayar wa 'yan mata, ana sayar wa matan aure da sunan mallaka. Da can da sunan asiri ake tallan irin wannan, yanzu an sa masa rigar kimiyya. Tallan ya yi da'awa biyu: cewa ɗan Adam yana da feromon mai juya zuciya, da cewa haka abin yake tun zamanin mutanen kogo. To, duka biyun akwai masana da suka yi bincike a kansu. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

MENE NE FEROMON?

A shekarun 1870, a kudancin Faransa, akwai wani tsohon malamin makaranta mai suna Jean-Henri Fabre, wanda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin ƙwari. Wata safiya wata macen malam-buɗe-littafi, irin manyan nan masu tashi da dare, ta ƙyanƙyashe a ɗakin bincikensa. Ya kife ta da ragar waya ya shiga harkokinsa. Da dare sai gida ya cika da mazan, wajen 40, ba wanda ya san daga inda suka fito. Ya yi ta gwaji. In ya toshe mace a cikin mazubi ba hanyar iska, mazan ba sa zuwa. A wani gwajin da ya yi da wani nau'in, ya ajiye macen a ƙarƙashin gilashi, ga ta ana gani, amma mazan suka wuce ta suka nufi wurin da ta kwana jiya. Ashe ba da ido suke nemanta ba. Wani abu take saki a iska.

Sai da aka ɗauki shekara fiye da 80 kafin a kama wannan abu a hannu. Wani Bajamushe masanin sinadarai, Adolf Butenandt, ya shafe kusan shekara 20 yana aikin. Ya yi amfani da matan malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke yin zaren siliki, guda wajen 500,000. Abin da ya tace daga cikinsu duka bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. A 1959 ya bayyana sinadarin, ya sa masa suna bombikol. A wannan shekarar ce kuma wasu masana biyu, Peter Karlson da Martin Lüscher, suka ƙirƙiro kalmar feromon daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin ɗauka, ɗaya na nufin zaburarwa.

Ga ma'anar a sauƙaƙe. Feromon sinadari ne da wata halitta ke fitarwa, 'yar uwarta ta jinsi ɗaya ta karɓa, sai ya sa ta yi wani takamaiman abu, ko jikinta ya sauya ta wata takamaimiyar hanya. Saƙon iri ɗaya ne a wajen kowa a cikin jinsin. Wannan ya bambanta da warin jiki. Akuya tana gane ɗanta a cikin garke da sansana, amma wannan warin ɗanta ne shi kaɗai, koyonsa ta yi bayan ta haihu. Warin jiki kamar suna ne, kowa da nasa. Feromon kuwa kamar kiran gangi ne, duk wanda ya ji ya san abin da ake nufi.

A WAJEN DABBOBI, ABIN GASKIYA NE

Kada wani ya ce na ƙaryata feromon. Wallahi a wajen dabbobi abin ya fi yadda masu talla ke faɗa ban mamaki.

Ku tuna muna yara, in muka ga tururuwa ta yi layi a bango sai mu sa yatsa mu goge tsakiyar layin. Me ke faruwa? Sai su rikice, su yi ta kai-kawo. Hanyar sinadari ce muka goge, wadda ta farko ta shafa a ƙasa da ta samo abinci. Duk wadda ta bi ta samu, ita ma ta ƙara shafawa. In abincin ya ƙare aka daina shafawa, sinadarin ya bushe, hanya ta mutu. Ba sarki, ba ɗan sanda, amma aiki na tafiya.

Wani masanin tururuwa na jami'ar Harvard a Amurka, Edward Wilson, ya lura cewa tururuwa ba ta kula gawar 'yar uwarta sai bayan kwana biyu ko uku, sannan a ɗauke ta a kai juji. A ƙarshen shekarun 1950 ya gano cewa wani sinadari ne gawar ke fitarwa, oleyik, wanda akwai shi ma a cikin man gyaɗa. Sai ya ɗiga wa mai rai. Nan take 'yan uwanta suka sungume ta, tana wutsil-wutsil, suka kai ta juji. Ta dawo, suka sake mayar da ita, har sai da ta lashe jikinta tas. A wajensu abin da hanci ya faɗa shi ne gaskiya, ko ido ya ga akasinsa.

Ƙudan zuma fa? Duk wanda ya taɓa raka masu cire zuma daga amya ya san in ɗaya ta harbe ka, sauran wurin suke nufa. Da harbin take sakin sinadarin gangami, kuma wani ɓangarensa ƙamshin ayaba yake yi. Hayaƙin da kakanninmu ke turawa cikin amya yana dusashe wannan saƙon, sai ƙudan su kasa jin kiran yaƙi. Sun san dabarar tun ba a san sunan sinadarin ba.

Yanzu ga wanda ya fi burge ni, bunsuru. Makiyaya a ƙasashe da yawa sun daɗe da sanin cewa in aka shigar da bunsuru cikin awakin da suka jima ba namiji, ba a daɗewa sai su fara neman barbara. A 2014 masana a jami'ar Tokyo ta Japan suka wallafa dalili. Sun gano cewa daga fatar kan bunsuru abin ke fitowa, sai suka ɗinka wasu huluna masu tsotse wari, suka sa wa bunsuraye da kuma taure, wato wanda aka fiɗiye. Suka kwatanta. Akwai sinadaran da ke hular bunsuru, babu su a hular taure. Da suka shaƙa wa akuya ɗaya daga ciki suna auna ƙwaƙwalwarta, sai sashen da ke tayar da tsarin haihuwa ya motsa. Abin dariyar shi ne, wannan sinadarin ƙamshin lemo yake yi. Sai ya haɗu da iska ya sauya, sannan ya koma warin bunsurun nan da muka sani. Wato bawan Allah turare yake fitarwa, iska ce ke ɓata masa suna.

Na ƙarshe, fara. Fara in tana ita kaɗai ba ruwanta da jama'a, gudun 'yan uwanta ma take yi. To me ke haɗa su su zama gajimaren da ke cinye gona cikin awa guda? A watan Agustan 2020 wata tawaga a Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Sin, ƙarƙashin Farfesa Le Kang, ta ba da amsa game da nau'in fara mai ƙaura. In fara huɗu ko biyar suka haɗu wuri ɗaya, sai su fara fitar da wani sinadari da ake kira 4VA. Yana jawo maza da mata, manya da ƙanana, su kuma waɗanda suka zo su ƙara fitarwa, taro ya yi ta girma. Da masanan suka lalata abin da ke karɓar wannan saƙon a jikin wasu fari, sai suka daina amsa kiran. Farar da ta afka wa Nijar a 2004 farar hamada ce, nau'inta daban, amma duk wanda ya ga abin da ya biyo baya a 2005 ya san darajar gano abin da ke tara fara.

HANCI KWAƊO NE, ƘAMSHI MAKULLI

Kafin mu je ga mutanen kogo, sai mun fahimci yadda hanci ke aiki. A can saman cikin hanci akwai wasu ƙananan abubuwa masu karɓar ƙamshi. Ku ɗauke su kamar kwaɗon ƙofa, kowane sinadari kuma makulli ne. In makulli ya dace da kwaɗo, sai saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano su a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da irin waɗannan kwaɗuna kusan 400, ɓera yana da sama da 1,000, giwar Afirka kuwa wajen 2,000. Ƙamshi ɗaya, kamar na daddawa ko na ƙasa bayan ruwan farko, kwaɗuna da yawa yake buɗewa lokaci guda, ƙwaƙwalwa ta haɗa ta ce ga abin da aka ji.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, tsarin ƙera kowane kwaɗo a rubuce yake cikin DNA, wato ƙwayoyin gadon da ke jikin kowa. Hanci nama ne, mutum na mutuwa yake ruɓewa. Amma in aka samu DNA a cikin ƙashi, an samu zanen kwaɗunan hancin mai ƙashin, ko da ya shekara dubu hamsin a ƙasa.

SU WAYE MUTANEN KOGON?

Na san akwai mai shirin tambayata yadda wannan zai haɗu da abin da muka karanta a Islamiyya. Wannan fage ne na malamai, kuma ina girmama shi. Ni abin da na kawo shi ne ƙasusuwan da aka tono, da abin da aka auna a cikinsu.

A 1856 masu fasa dutse a kwarin Neander, kusa da birnin Düsseldorf a Jamus, suka ci karo da wasu ƙasusuwa masu kauri, goshin ƙoƙon kan da tudu a saman ido. Daga sunan kwarin aka samo sunan Niyandatal. Waɗannan mutane sun zauna a Turai da yammacin Asiya na dubban ɗaruruwan shekaru, suka ɓace wajen shekara 40,000 da suka wuce. Suna hura wuta, suna sassaƙa makaman dutse, suna farautar manyan namun daji. A kogon Shanidar da ke arewacin Iraƙi an tono wani da hannunsa ɗaya ya shanye, ga tsohon rauni a gefen ido, amma ya rayu shekaru a haka. Ba yadda zai rayu sai da masu ciyar da shi. Don haka hoton nan na wani gardi da kulki yana jan mace a ƙasa, na 'yan fim ne.

Wanda ya buɗe ƙofar karanta DNA ɗinsu shi ne Svante Pääbo, ɗan ƙasar Suwidin da ke aiki a cibiyar Max Planck a Leipzig ta Jamus. Aikin ba wasa ba ne. Ana huda ƙashi a ɗebi ɗan gari, DNA ɗin ciki ya kakkarye gutsu-gutsu, ya cakuɗe da na ƙwayoyin cuta da na duk wanda ya taɓa riƙe ƙashin. Sai an tsince, sannan kwamfuta ta jera guntayen. A 2010 tawagarsa ta fitar da daftarin farko na DNA ɗin Niyandatal.

A wannan shekarar kuma suka ba duniya mamaki. A kogon Denisova, cikin duwatsun Altai na Saberiya a Rasha, an tsinci guntun ƙashin ɗan yatsan wata yarinya a 2008, bai fi ƙwayar wake girma ba. Da aka karanta, sai aka ga ba Niyandatal ba ce, ba kuma irinmu ba ce. Wata al'umma ce daban da ba a taɓa sanin da ita ba. Aka kira su mutanen Denisova. A 2018 aka bayyana wani guntun ƙashi daga kogon, na wata budurwa da ta rayu wajen shekara 90,000 da suka wuce, uwarta Niyandatal, ubanta ɗan Denisova. Kuma ba su ɓace gaba ɗaya ba: mutanen da asalinsu ba Afirka ba suna ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na DNA ɗin Niyandatal, mutanen Papua New Guinea kuma suna da rabo mai tsoka daga mutanen Denisova. Wannan aikin ne ya sa aka ba Pääbo kyautar Nobel a 2022.

To yanzu ga inda zancenmu biyu ya haɗu. Wasu masana, ciki har da Claire de March, Hiroaki Matsunami na jami'ar Duke, da Kara Hoover ta jami'ar Alaska, suka ce tunda ga zanen, me zai hana mu sake ƙera kwaɗunan? Suka ɗauki kwaɗuna 30, suka duba yadda aka rubuta su a DNA ɗin Niyandatal uku da ɗan Denisova ɗaya, suka kwatanta da na mutanen yau. A 11 daga ciki suka ga bambancin da babu shi a wajenmu. Sai suka ƙera waɗannan a cikin ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, suka riƙa kawo musu ƙamshi iri-iri suna auna ƙarfin amsawarsu. Kun ji fa, hancin mutumin da ya mutu tun kafin a san noma, yana sansana abu a cikin faranti.

Sakamakon ya fito a farkon 2023. Abin da muke ji, shi suke ji. Bambancin a ƙarfi ne kawai. Kwaɗunan ɗan Denisova sun fi namu kama warin ƙibiritu, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, sun kuma fi kama ƙamshi mai zaƙi irin na zuma. Na Niyandatal kuwa wasu sun fi namu rauni wajen ƙamshin fure, ɗanyen ganye da kayan yaji. Sannan ɗaya daga cikin Niyandatal ɗin yana da wani sauyi da ya rage masa jin androstadiyenon, wani sinadari da ke cikin gumi, ɗan uwan wanda aka rubuta a kwalbar abokina.

Mutum huɗu ne kawai, kuma a faranti aka yi gwajin, don haka masanan da kansu ba su zurfafa da'awa ba. Amma ku dubi abin. Mai talla ya ce mutanen kogo da wannan sinadarin suke neman aure. Da aka je aka duba hancinsu, ba a ga wani hanci na musamman ba, an ma samu wanda bai cika jin irinsa ba.

Wani zai ce ina namu kakannin na Afirka a wannan bincike? Matsalar zafi ce. Sanyin Saberiya yana adana DNA, zafi da danshinmu suna cinye shi. Muna da ƙasusuwa, kamar ƙoƙon kan da aka tono a Iwo Eleru kusa da Akure a 1965, mai shekara wajen 13,000, da ƙaburbura kusan 200 na Gobero a hamadar Nijar. Amma samun DNA mai tsufa a yankinmu sai an sha wuya. Ɗaya daga cikin nasarorin da aka samu shi ne na yara huɗu daga Shum Laka kusa da Bamenda a Kamaru, biyu masu shekara wajen 8,000, biyu wajen 3,000, wanda aka wallafa a 2020. Aikin yana nan yana jiran masu yi.

TO ƊAN ADAM NA YAU FA?

Mu koma kan androstenon. Feromon ne na gaske, amma na alade. Yana cikin yawun namijin alade, macen da ta kai lokacin barbara in ta shaƙa sai ta tsaya cak. Masu kiwon alade a Turai har feshinsa suke saye don su gane wadda ta shirya. Wanda ake zubawa a turare a masana'anta ake haɗa shi, amma saƙon da ke cikinsa ba ɗan Adam aka rubuta wa ba.

Akwai ƙarin bayani. A 2007 masana a jami'o'in Rockefeller da Duke suka nuna cewa mutane ba sa jin androstenon iri ɗaya, kuma wani kwaɗo guda a hanci yana da hannu a ciki. Wasu suna jin sa kamar tsohon fitsari ko gumi, wasu suna jin ɗan ƙamshi mai daɗi, wasu ba sa jin komai. Da na karanta wa abokina wannan sai ya dafe kai. Shi yana shafawa bai ji komai ba. Ita kuwa, kun ji tambayar da ta yi masa.

A 2015 wani masanin dabbobi na jami'ar Oxford, Tristram Wyatt, wanda ya rubuta babban littafi a kan feromon, ya bi diddigin sinadaran da ake cewa na ɗan Adam ne. Ya nuna cewa babu ko ɗaya da aka tabbatar ta hanyar da Butenandt ya bi, wato a tace, a ware, a gwada, a ga aiki. Biyu daga ciki ma an fara gabatar da su ne a wani taro a 1991 da wani kamfani mai sha'awar sayar da su ya ɗauki nauyi. A 2017 wasu masana a Ostareliya suka gwada waɗannan biyun, suka shaƙa wa mutane suna nuna musu hotunan fuskoki. Ba su sa kowa ya ga wani ya ƙara kyau ba.

Abin da ya fi kusa da zama feromon a jikin ɗan Adam ba shi da alaƙa da soyayyar samari. Masana a birnin Dijon na Faransa sun nuna a 2009 cewa akwai wani ɗan ruwa da ke fita daga ƙananan ƙuraje a kewayen kan nonon mai shayarwa. In aka kai shi hancin jariri ɗan kwana uku, sai ya fara motsa baki yana neman tsotso, ko da ba na mahaifiyarsa ba ne. In wannan ya tabbata, zai iya taimakon jariran da ke ƙin kama nono.

Ba ina cewa ƙamshi ba ya aiki a kanmu ba. Yana yi mana. Ka wuce wani gida ka ji turaren wuta irin na kakarka, sai ka ji zuciyarka ta karye. Amma wannan koyo ne da tuni, kowa da nasa. Mu ba tururuwar Wilson ba ne da za a ɗiga mana abu a kai mu juji.

INDA FEROMON KE KAWO KUƊI DA GASKE

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan ilimin yana da amfani a gare mu, amma ba a nan ake tallata mana shi ba.

Ku tuna 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Uwar tsutsar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare, asalinsa daga Kudancin Amurka. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara mai cin kamar rundunar soja a Najeriya. Duka biyun an san feromon ɗin matansu, ana kuma haɗa shi. Ana zuba shi a ɗan guntun roba, a rataya a saman roba mai ruwa da ɗan sabulu ko mai. Mazan su zo neman mace, su faɗa ruwa. Manomi in ya duba da safe ya ga sun fara yawa, ya san ƙwarin sun iso tun kafin ganye ya nuna, sai ya ɗauki mataki a kan lokaci, maimakon ya yi ta feshi a makance yana ƙona kuɗi yana shaƙar guba. Kowane ƙwaro da nasa, na tumatir ba zai kama na masara ba, kuma robar sai an sauya ta bayan 'yan makonni.

Ba kuma sabon abu ba ne a yankinmu. Tun shekarun 1990, a cibiyar ICRISAT da ke Sadoré kusa da Yamai, an gwada irin wannan tarko a kan tsutsar da ke huda karan gero, da kayan da ake samu a kasuwar ƙauye. To ku gaya mini, matasa nawa ne a cikinmu suka karanta ilimin sinadarai ko aikin gona suna zaune? Manoma nawa ne a Kadawa ko Ɗanja suka taɓa ganin wannan tarkon? Wanda ya koyi haɗa shi, ya nemo robar daga inda ake sayar da ta gaske, ya bi gonaki yana nuna wa mutane, ya samu sana'a, kuma ba wanda zai tsine masa.

Don haka in kuka sake ganin talla an jera kalmomin kimiyya, ku yi tambaya kafin ku tura kuɗi. Wa ya gwada? A kan wace halitta aka gwada, mutum ko alade? In mai talla ya fara kame-kame, kun samu amsa.

Abokina dai kwalbar tana nan a kan tagarsa, ya ce ya bar ta ne don ta riƙa tuna masa. Makon jiya ya koma zance da wankakkiyar shadda da turarensa na da. Ya ce an kawo masa ruwa, har da cincin.

Wanda ya taɓa amfani da tarkon nan a gonarsa, don Allah ya rubuta mana yadda ya gani a ƙasan wannan rubutu, wasu su ƙaru. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin sayen irin kwalbar nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.